Mai Masaukin Kacala

A Dabar Kawara, wani ƙauyen masunta da ke bakin gulbi, an yi wata Alhamis da kacala ta tsage gida biyu da rana tsaka, ta buɗe wa mutum ɗaya hanya. Mutumin nan Mantau ne, Sarkin Ruwan garin. Yana zaune a kwalekwalensa da lauje a cinya, ya zuba wa ciyawar ido, sai ya ga ta dare kamar an zuge labule. Ga ruwa baƙi wuluk a tsakiya, ya miƙe sambal har iyakar ganinsa.

Ga wanda bai san kacala ba, ciyawar ruwa ce doguwa, ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero, idan ya nuna sai ya fashe ya zama auduga. Shekara goma sha tara ke nan da ta sauka a garin. Ta toshe mashigin jirage, ta hana ruwa isa fadamar shinkafa, kifi ya yi ƙaura, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikinta suna fitowa suna sheƙe gonaki. An sare ta, ta dawo. An banka mata wuta da rani, da damina ta fito shar, har ta fi da kauri.

Sai dai a Dabar Kawara ba kacala ake ce mata ba. Ladingo ake ce mata, sunan matar Mantau. Mutum zai tsaya a tsakar kasuwa ya ce Ladingo ta cinye masa gona, wani ya ce Ladingo ta yaga masa taru, ita kuwa mai sunan tana gefe tana auna daddawa, kanta a ƙasa. Waɗanda aka haifa daga baya ma ba su san wadda aka fara raɗa wa sunan ba, matar ko ciyawar.

Yadda abin ya faru kuwa, mutum ɗaya ne ya san shi daga tushe. Suna sabon aure, ciwon wuya ya dami Ladingo, ta roƙi mijinta ya taho mata da audugar rimi idan zai dawo daga kamun kifi a wani tabki mai nisa, ta yi matashin kai. Mantau ya ci sunansa, ya manta. Sai da ya kamo hanyar gida ya tuna, kunyar shiga hannu rabbana ta kama shi. A bakin tabkin nan ya ga wata ciyawa da bai sani ba, kawunanta sun fashe fari fat, ya cika buhu, ya kawo ya ce ga rimi. Ladingo ta ɗinka matashi da shuɗin yadi da jan zare. Bayan wata uku ta farke shi a bakin gulbi don audugar ta sha rana, iska ta taso ta kwashe ta a kan idon mata masu wanki. Da damina ta zo, ciyawar ta tsiro daidai wurin. Aka ce Ladingo ce ta kawo, Mantau ya yi shiru. Aka naɗa shi Sarkin Ruwa, shirun ya ƙara nauyi, domin mai rawani ba ya son a tuna masa buhu.

Ranar Larabar da ta gabata wani mai duba ya ratso garin, aka kai masa kuka. Ya buga ƙasa ya ce baƙuwar nan ba za ta tashi ba sai wanda ya kawo ta ya raka ta. Dattawa suka zauna a ƙofar Dagaci, suka fassara maganar yadda ta fi musu sauƙi: Ladingo ta tattara ta koma garinsu bayan sallar Juma'a, ciyawarta ta bi ta. Dagaci ya dubi Mantau ya ce, "Sarkin Ruwa, iyalinka ce. Kana da magana?"

Yana da ita mana, tana nan a maƙogwaronsa shekara goma sha tara. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri." Aka shafa, aka watse. Ya kasa haɗa ido da matarsa ko da wajen karɓar ruwan alwala ne. Shi ya sa ya fito da lauje da rana tsaka, lokacin da mai hankali ba ya kusantar ruwa, yana neman wata dabara, kowace iri ce, muddin ba sai ya buɗe baki ba.

Da ya ga hanya ta buɗe, ya yi bisimilla ya dafa sandar tuƙi. Yana shiga, kacala ta rufe a bayansa ruf.

Ya yi tafiya har kafaɗunsa suka gaji, rana ba ta gusa daga tsakiyar sama ba. Can sai hanya ta ƙare a wata ƙofa da aka saƙa da ɗanyen ganye. A kan kowane kara akwai jan-baki, ba su ƙirguwa, kuma ko ɗaya bai yi kuka ba. Shirun nan ya fi hayaniyarsu ban tsoro. A bisa ƙofar wani ya zauna mai girman rago, bakinsa ja jawur, da abin wuya na zangarniyar shinkafa.

Mantau ya durƙusa a cikin jirgi ya ce, "Aminci ga mai tsaron ƙofa."

Tsuntsun ya ce, "Aminci ga mai faɗin gaskiya. Ya kai marar fiffike, ni ne Sarkin Jan-baki. Ni da rundunata muna cin arzikin Magajiyar Kacala, ita ta ba mu masauki. Ba a wuce ƙofar nan sai an amsa tambaya ɗaya. Wa ya kawo baƙuwa garinku?"

Mantau ya dubi idanun nan dubu-dubu da ke kansa. Ya ce a ransa, tsuntsaye ne fa, gobe suna kan gonakin garin, wa ya san abin da za su kai. Ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen gari sun ce wata mace ce."

"Ba abin da mutanen gari suka ce na tambaye ka ba. Amma ka amsa. Wuce, ka bar kuɗin ƙofa."

Kafin ya tambayi ko mene ne kuɗin ƙofar, sandar tuƙinsa ta yi nauyi a hannunsa. Ya duba, ta yi saiwa a cikin laka, kore ya feso mata daga sama har ƙasa. Sandar da ya gada daga mahaifinsa ta zama karan kacala a tsaye. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, rana ta dushe, iskar fikafikansu ta tunkuɗa jirgin ta cikin ƙofar. Wata mace, in ji shi. Matar da ta haifa masa 'ya'ya biyar ita ce ta koma wata mace. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi, ya ja hula ya rufe su.

Daga nan ruwa ya fara gangarawa kamar tudu. Jirgin ya sulala ƙasa, gulbi ya rufe a bisa kansa, amma ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ya iske kansa a wata ƙasa da samanta ruwa ne kore, ƙasanta busasshiyar laka ce mai tsattsagewa. A tsakiya akwai wani tsohon gari, rabin gidajensa na ɓawon kawa sun rufta. Kifaye ne mazauna garin, suna tafe a tsaye da riguna masu ƙura, duk sun rame, ƙayoyinsu a waje. Karfasa na bara a bakin hanya, ragon ruwa na jingine da bango yana haki. A dandali akwai wani kududdufi da bai fi faɗin tabarma ba, sun yi layi, kowa ya tsoma kai sau ɗaya ya ba na baya wuri.

Wani tsohon tarwaɗa mai farin gashin baki har ƙirji ya fito dogare da sanda. Ya daɗe yana duban Mantau, sannan ya ce, "Ɗan Barmo ne wannan. Na san ubanka, ya kai Sarkin Ruwa. Sau uku ina faɗawa komarsa ina ƙarami, sau uku yana mayar da ni ruwa, yana cewa in je in girma. Ni ne Wazirin Kifaye. Ka ga abin da ya rage na mulkinmu. Baƙuwarku ta shanye hanyoyinmu, ta tare mana haske, matanmu ba su da inda za su zuba ƙwai. Mun yi shekaru muna jiran wani daga gidan Barmo ya sauko."

Mantau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ga ni na zo, Waziri. A nuna mini maganinta."

"Magani na gaba. Tawa tambaya ce kawai, kuma ka riga ka ji ta. Wa ya kawo baƙuwa garinku?"

Kifaye suka bar layi suka kewaye shi. A gaban wanda ya san ubansa, ƙaryar farko ta ƙi fitowa, gaskiyar ma ta ƙi. Sai ya nemo wata a tsakani, irin wadda mutum ke faɗa ya ce ai bai yi ƙarya ba. Ya ce, "Allah Ya ja zamanin Waziri, iska ce ta watsa ta."

Nan take wata guguwa ta tashi daga cikin tsagar laka, ta tsaya a gabansa da siffar doguwar mace mai gashi har ƙasa. Ta ce, "Ya kai bil'adama, ka taɓa ganin iska ta ɗinka buhu? Mun ɗauki abin da muka tarar a shimfiɗe, aikinmu ke nan tun da aka halicce mu. Wa ya ɗauko shi daga tabkinsa ya yi kwana shida da shi a jirgi? Ka ɗora wa matarka, yanzu kuma ka ɗora mana." Ta hura wa kwalekwalen numfashi sau ɗaya, katakonsa ya warware ya zama damin kacala, ya watse a ƙasa.

Waziri bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya juya baya kawai, ya ce, "Ku ba shi hanya. Na ɗauka ɗan Barmo ne." Kifayen suka dare, kowa ya kau da kai kamar an wuce da abin da bai kamata a gani ba. Mantau ya ratsa su a ƙasa, yana jin da laka za ta tsage ta haɗiye shi da ya gode mata.

Bayan garin kifaye sai dajin saiwoyi. Nan ne ƙarƙashin kacala, inda saiwoyinta farare masu kaurin damtse suka sauko daga sama suka sarƙe da juna, ba ko wurin sa ƙafa. Mantau ya zare lauje, ya tsaya ƙyam yadda ya saba a gaban 'yan gayya, ya kai sara daidai ƙirjinsa. Inda ya sare ɗaya, biyu suka fito. Ya sare biyun, huɗu suka fito, ɗaya ta naɗe masa wuya, ɗaya ta kama kugu. Ya yi ta sara har hannunsa ya yi kanta ya fashe, daji na ƙara cika. Wasu macizai masu kan mutum suka leƙo daga sama suna kallonsa, suna yi wa juna raɗa. Da ƙarfinsa ya ƙare, ya zube a gwiwa, sai ya hangi wata 'yar ƙofa can ƙasa, wadda mai tsayuwa ba zai taɓa ganinta ba. Tsawonta bai wuce na akurkin kaji ba.

Sarkin Ruwa guda, mai gemu da furfura, ya kwanta rub da ciki ya ja jiki. Wata saiwa ta zare masa hula, bai ko waiwaya ba.

Ya fito a wani birni da bai taɓa jin labarinsa ba. Ganuwarsa saiwa ce, gidajensa saiwa ne, ga dogayen karare sun tashi daga kowane rufi sun huda sama, kowanne da rami a cikinsa, iska na saukowa ta ciki tana fito. Mutanen birnin dogaye ne sirara, koraye, kawunansu ruwan ƙasa. Sun cika maƙil, kafaɗa na gugar kafaɗa, wasu a kan wasu, tsofaffi sun bushe a tsaye don babu wurin faɗuwa. Suka miƙa shi hannu zuwa hannu, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba sai a fada.

Magajiyar Kacala na zaune a kan gadon laka. Ta tsufa ƙwarai, farin gashinta na tashi kaɗan-kaɗan yana yawo a ɗakin. Amma ba ita Mantau ya kalla ba. Abin da ta jingina da shi ya kalla: matashin kai na shuɗin yadi, da ɗinkin jan zare, gefe ɗaya a farke. Ya san ɗinkin nan. Yana zaune a bakin ƙofa aka yi shi, mai ɗinkin tana yi masa godiya.

Magajiya ta ce, "Ya kai Mantau ɗan Barmo, ka bar sandarka a ƙofar farko, ka bar jirginka a ta biyu, ka bar hularka a ta uku. Saura ƙafafunka. Dube su."

Ya duba. Fararen saiwoyi sirara sun fara fitowa daga yatsunsa suna shiga laka.

"Wanda ya yi ƙarya sau uku a ƙasata nawa ne, sai ya tsaya cikin jama'ata ya yi kai ya yi auduga. Kafin in tambaye ka, sa kunnenka a karan nan. Ta cikinsu muke shaƙar iskar duniyarku, ta cikinsu muke jin duk abin da kuke faɗa."

Ya kara kunne a ramin karan. Da farko fito kawai ya ji. Sannan ya ji ƙarar kwanoni ana jera su cikin juna, ya gane tsakar gidansa ce. Ya ji muryar maƙwabciyarsu tana cewa, "Yanzu ke shi ke nan, tafiya za ki yi ba ki ce komai ba? A ina ma kika samo audugar nan tun farko?" Sai muryar Ladingo, a hankali, "Ni na shanya ta, Yaya. Miƙo mini igiyar can." Ya ji ana ɗaure kaya, ana jan igiya har tana ƙara.

Mantau ya janye kunnensa. Bai jira tambaya ba. Ya ce, "Ni ne. Ni na cika buhu a bakin tabki, ni na kawo ku, na ce rimi ne. Mantuwa na yi, na ji kunyar in ce na manta. Ita ba ta san komai ba." Hawaye ya bi gemunsa, bai share ba. Saiwoyin ƙafarsa suka bushe suka kakkarye.

Wani dogon numfashi ya ratsa birnin gaba ɗaya. Magajiya ta ce, "Sannu da zuwa, mai masaukinmu. Shekara goma sha tara muna jiran ka leƙo baƙinka. Kana tsammani daɗi muke ji? A tabkinmu ruwa kan tashi kowace shekara ya shanye rabinmu, sauran su sami wurin numfashi. Nan babu mai rage mu, ka ga yadda muke shaƙe juna. An shigo da mu da sunan rimi, ana kiranmu da sunan matar da ba ta gayyace mu ba. Baƙo kuwa a dokarmu ba ya tashi sai wanda ya sauke shi ya sallame shi, ya taka masa. Abin da mai duba ya faɗa muku ke nan, kuka ji rakiya kuka ɗauka kora ce."

Mantau ya ce, "Ranki ya daɗe, mun sare ku, mun ƙone ku."

"A tsaye kuka sare mu, kuna tsoron jiƙa riga. Wanda ya yanke mu a bisa ruwa aski ya yi mana, hancinmu na waje, muna numfashi. Wanda ya sa mana wuta taki ya zuba mana. Ga yadda ake sallamarmu. Ka shiga ruwa, ka sunkuya har fuskarka ta nutse, ka yanke kara taƙi biyu a ƙarƙashin ruwa. Ruwa zai bi ramin ya sauko mana, saiwa ta sha ta kwanta. Ka yi haka tun kanmu bai nuna ba. Abin da ka yanka ka ja shi tudu ya bushe, a yi jinka da shi, a yi asabari, kada ka bar shi ya toshe hanya. Idan muka sake leƙowa ka sake, sau uku kafin ruwa ya janye, baɗi ma haka. Rakiyarmu doguwa ce."

"Na ji, na ɗauka."

"Saura ɗaya, ita ce babba. Abin da ka faɗa a nan ba a bakin komai yake ba, mu da ma mun sani. A can za ka faɗa, inda aka ɓata sunan, da muryar da na bayan taro zai ji. Idan ba ka faɗa ba, lauje dubu ba zai yi mana komai ba. Ɗauki wannan ka mayar wa mai shi."

Ta miƙa masa rigar matashin. Yana karɓa, wani babban kara ya buɗe baki ya zuƙe shi sama, ya tofar da shi a bakin mashigin Dabar Kawara, cikin ruwa iya ƙirji.

Shi a ganinsa yini ɗaya bai cika ba, ashe Juma'a ce, har an sauko daga masallaci. Gari duka na ƙofar Dagaci. Ga amalanke an ɗaura wa shanu, ga kayan Ladingo a kai, ita kuma tana tsaye a gefe da mayafi, ba ta kuka. Sai ga Sarkin Ruwa ya ɓullo, ba hula, ba takalmi, laka tun daga gemu har ƙafa, lauje a hannu ɗaya, tsumma a ɗaya. Mutane suka buɗa masa.

Ya tsaya a gaban Dagaci. Ya ga surukansa, ya ga 'ya'yansa, ya ga mutanen da ya sha yi wa faɗa a wajen gayya don sun yi lalaci. Ya faɗi maganar, amma a cikin gemunsa ta tsaya.

Dagaci ya ce, "Sarkin Ruwa, ɗaga murya, ba mu ji ba."

Haka ya sake ta daga farko, da ƙarfi, har da buhun, har da kwana shidan, har da sunan rimi. Ya ce, "Shekara goma sha tara kuna zagin matata a gabana da laifina, ina ji ina gyara rawani. Shekaranjiya aka tambaye ni a nan, na yi addu'a. Idan akwai wanda za a ɗora a amalanken nan, ni ne. Amma ku bar ni in raka baƙuwata tukuna, an nuna mini yadda ake yi."

Wata tsohuwa da ta fi kowa kiran sunan a kasuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Dagaci ya dubi ƙasa, dattawan da suka yanke hukunci kowa ya sami abin dubawa a tafin hannunsa. Kunyar ta ishi kowa a ranar, har ta yi saura.

Mantau ya je gaban Ladingo ya miƙa mata rigar matashin. Ta karɓa, ta juya ta, ta bi jan zaren da yatsa. Ta ce, "A gindin rimi kakata ta raine ni, Malam. Tun da na sa hannu a buhun na san ba shi ba ne."

"Kin sani? Me ya hana ki faɗa?"

"Ka shigo kana murna, ban so in kunyata ka a kan matashi ba. Da abin ya zama abin da ya zama kuma, maganar taka ce, ba tawa ba." Ta ninke tsumman ta soke a ɗamara. "Na ɗauka shekara ɗaya za ka yi ka faɗa."

Mantau ya juya ya nufi mashigi, gari ya bi shi. Ya shiga ruwa, ya sunkuya a gaban kowa har kansa ya ɓace, ya lalubi kara ya auna taƙi biyu ya yanke. Kumfa ta taso ƙwal-ƙwal daga ramin, kamar wani a ƙasa ya sauke ajiyar zuciya. Ya ɗago yana tari, ya sake nutsewa. A na goma, Dagaci ya tuɓe babbar riga ya ce a kawo masa lauje. Kafin la'asar maza arba'in na cikin ruwa, ba a ganin komai sai bayansu, mata na jan karare zuwa tudu.

Ladingo ta sa aka sauke kayanta, amma ba ta kwance su ba. A bakin ƙofar ɗakinta suka zauna a ɗaure, Mantau na wuce su safe da yamma, har aka yi yanka na biyu, aka yi na uku. Ranar da jirgin farko ya ratsa mashigi ya fita gulbi, ruwa ya gangara fadama, aka kamo tarwaɗa bakwai, ran nan ta warware igiyar ta jera kwanoninta.

Kacala ba ta ƙare ƙaf ba, ba ta kuma yi alkawarin haka ba. Tana nan a gefe-gefe, kowace shekara tana leƙowa. Sunan ne ya tashi daga kan Ladingo ya koma inda ya dace, ba kuwa wanda ya yi shela. Har yau idan ruwa ya kawo, za ka ji wani ya tsaya a bayan danga ya ce, "Mantau ya tsiro a mashigi." Tsohon yakan amsa daga ciki, "Na ji, ga ni nan." Ya ɗauki lauje, ya cire hularsa ya miƙa wa Ladingo, ita ke riƙe masa har ya dawo.

A bakin mashigin nan na tsinci labarin, a nan kuma na ajiye shi.